Ninkin Ƙasan Riga

Duk yarinyar da uwarta ta kawo mini koyon ɗinki, tambayarta ta farko ita ce wata nawa za ta yi kafin ta fara karɓar kayan mutane. Wasunku ma ba sa tambaya, da waya suke shigowa a hannu, su nuna mini hoton wata riga mai fukafukai, su ce irinta suke so su iya kafin Sallah. A ganinku ɗinki taka keke ne kawai, ƙafa tana sama tana ƙasa, yadi yana wucewa. Jiya na sa ɗayarku ta warware ƙasan rigar wani yaro saboda ta rage ninkin da na ce a bari, na ji ta a bayan ƙyaure tana gunaguni wai tsohuwar nan ɓarnar yadi take yi. Na ji ki sarai, kunnena bai tsufa ba. To ku ajiye almakashin, yau zan gaya muku inda ninkin nan ya samo asali da abin da ya taɓa jawo mini.

A nan unguwar Soron Ɗinki na koyi sana'ar, a ɗakin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Baƙin keken nan da ke lungu, wanda kuke ɗora mayafanku a kai, nata ne. Shekarata ta farko ban taka shi ba, sai dai in goge shi in ɗiga masa mai. Aikina hura gawayin dutsen guga, da zura mata zare a allura don idonta ya fara rauni, da warwara. In mai kaya ta canza ra'ayi, ko ɗinki ya karkace, sai Gwaggo ta wurgo mini rigar da ɓarin reza. Warwara ta fi ɗinki cin rai. Zare ɗaya ɗaya za ki bi, ki ɗaga shi da tsinin allura, ki yanke shi ba tare da rezar ta lashi yadin ba. In kika huda wa mutum shadda, babu abin da zai mayar da ita. Na sha ranƙwashi a kan wannan har tsakiyar kaina ta saba.

Ranar da ta fara barina in yanka, rigar wani ɗan maƙwabta ce. Na auna shi daga kafaɗa zuwa ƙwauri, na ja alli daidai wurin, na ɗauki almakashi. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Larai, yaron da kika auna yau ba nan zai tsaya ba. Uwarsa ba ta da halin yi masa wata riga baɗi." Ta jera yatsunta huɗu a ƙasan layin allin, ta ja wani layin. Wannan rarar ita ake ninkewa ciki a ɗinke. In shekara ta zagayo, uwa ta dawo da rigar, a warware, a sake ta ƙasa, a goge. Za ki ga wurin da aka sake yana da sabon launi, sauran rigar ta koɗe, amma yaro ya sami wata shekarar. Tun daga ranar ban taɓa yanka wa yaro riga daidai tsawonsa ba.

Na yi shekaru a kan haka, ina fama da masu kaya irin waɗanda za ku gamu da su. Akwai mai kawo yadi biyu ta ce a fitar mata da riga da zane da ɗankwali, in ya yi saura a yi wa autarta. Akwai mai zuwa ana gobe Sallah ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba za ta tashi ba. Akwai wadda ta ƙara jiki ta rantse tef ɗina ne ya ragu. Duk waɗannan wasa ne. Aikin da ya gwada ni ba na biki ba ne, ba na Sallah ba.

Shekarar da faɗan arewa maso gabas ya yi tsanani, mutane suka yi ta shigowa Kano a bayan manyan motoci. Wasu danginsu suka karɓe su, wasu aka ba su zaure, wasu suka rakuɓe a gidajen da ba a gama ginawa ba. A Gwammaja akwai gidan da na shiga na tarar da mata sun raba ɗaki ɗaya da igiya da zannuwa. Yaran da suka fi jigata aka kwantar da su a wani asibiti a bayan ganuwa. Matan islamiyyar unguwarmu suka haɗa kai don a taimaka, Malama Binta ce a gaba, mace mai zafin nama wadda ba ta iya ganin abu ta zauna. Masu hatsi suka ba da hatsi, masu girki suka yi girki. Ni aka ce in ji da tufafi.

Da aka yi shelar a kawo kayan sawa, buhu-buhu aka tara mini a tsakar gida. Allah Ya saka wa waɗanda suka bayar, amma da na zazzage sai raina ya ɓaci. Leshin biki mai duwatsu, rigunan yara masu zif da kumfa a kafaɗa, wandunan makaranta masu kauri, har da takalmi wari ɗaya. Mutane da yawa abin da ya tsare musu wuri suka fitar. Na ɗauki masu dama-dama na bi Malama Binta asibitin. Nas ɗin ɗakin yaran, wata doguwa da idanunta suka faɗa don rashin hutu, ta shafa leshin da bayan hannu ta mayar mini. Ta ce, "Mama, zo ki gani."

Na gani. Tamowa ce, ciwon yunwa. Wasu yaran sun bushe, wasu sun kumbura, fatarsu tana salewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Ga gudawa, ana canza wa yaro ƙyalle yanzu, kafin a juya ya sake ɓatawa. Kusan kowanne da allurar ƙarin ruwa a hannu. Nas ɗin ta ce abin da take so shi ne auduga zalla mai laushi, wadda za ta jure wanki da tafasasshen ruwa kullum, ba maɓalli, ba zif, kuma a iya cire wa yaro ba tare da an taɓa hannun da ke da allura ba. Na dawo gida na zana a takardar siminti. Riga mai buɗewa ta gefe, a ɗaure da igiya, hannu mai faɗi. Ɗinkin kuma a waje zan bar shi, kamar an sa riga a bai-bai, don kada gefen ya goge musu ciwo. Zanen ya fita, yadin ne babu. Tsada ta hana mu ko leƙa kasuwa, abin da aka tara duk ya tafi a hatsi da magani.

Ana cikin haka Iya Tasalla ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce a gidan da ke bayan namu, ta daɗe ba ta fita. Ta sa na jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, naɗe cikin wani tsohon zane, ga farin alawayyo bai taɓa ganin almakashi ba. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, amma tsofaffinmu tun da ransu suke sayen likkafaninsu su ajiye, su sa masa turare, don kada su bar wa 'ya'yansu nauyi. Nata ma daga aikin Hajji ta zo da shi.

Na ce, "Iya, wannan ai kayan tafiyarki ne."

Ta ce, "Na sani, ni na saya. An ce mini auduga kike nema."

"In ta Allah ta kasance fa?"

"Ke Larai, ina da jikoki cike da gari. Unguwar nan ba za ta kai ni tsirara ba. Ɗauki ki tafi, kina tsaye mini a kan haske."

Kafin mako ya zagayo labari ya bi gidaje. Tsofaffi suka yi ta aiko da nasu, wata ma da kanta ta dogaro sanda ta kawo. Muka wanke shi ya saki, muka shanya, tsakar gidana ta yi fari fat. Na ji tsoro ranar da na fara sa masa almakashi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi bisimilla na yanka.

A kan ninkin ne muka saɓa da Malama Binta. Ta shigo ta ɗaga rigar farko, ta taɓa ƙasan, ta ce, "Yaya Larai, wannan na mene ne?"

Na ce, "Na girma ne."

Ta ce, "In aka haɗa wannan rarar wuri ɗaya, ai wasu rigunan ne. Ga yara can kwance a tsumma. Kuma Yaya, ke ma kin shiga ɗakin nan da ƙafarki, kin gan su. Nawa ne a cikinsu za su..." Ba ta ƙarasa ba.

Gaskiyarta ce, kuma har yau ban ce ta faɗi ba daidai ba. Amma hannuna ya ƙi. Na ce mata zan rage hannu, zan haɗa igiyoyin da ƙyallaye, ba zan zubar da ko faɗin farce ba, amma in ana son riga daidai tsawon yaro a nemi wata telar, ga su nan birjik a unguwa. Ta fita ba sallama. Mun yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar da muka kai rigunan mun shiga da fara'a, a zatonmu mun yi abin kai. Farare tas, a goge, a jere cikin kwalla. A wurinmu farin kaya shi ne na asibiti, shi ne tsabta. Muka bi gado gado muna miƙawa. Iyayen suka karɓa da hannu biyu, amma ɗakin ya yi tsit. Na ga wata ta kai rigar hancinta, ta runtse ido. Babu wadda ta sa wa ɗanta muna tsaye. Muka ce ko kunya ce, muka yi musu sannu muka tafi.

Da na koma bayan 'yan kwanaki, nas ɗin ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Mama, rigunanki sun ɓace. Yaran suna nan a tsummansu." Na shiga da zafina, don a raina na yanke cewa sayarwa suka yi. A gadon da ke jikin taga akwai wata mata da ake kira Falmata, siririya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. 'Yarta Yagana tana kwance a kan wani yagaggen ɗankwali. An ce shekarunta huɗu, amma in kin gan ta za ki ce ba a daɗe da yaye ta ba. Na tambayi Falmata ina rigar. Ta ɗaga gefen tabarmar da take kwana a kai a ƙasan gadon. Ga ta nan a ninke, an naɗe ta a leda.

Na ce, "Don me ba ki sa mata ba? Don a sa aka ɗinka."

Hausarta ba ta da yawa, a hankali take ɗauko kalma. Ta ce, "Hajiya, na san wannan yadi. Na san ƙanshin."

Mun wanke shi, amma turaren adaka na shekara da shekaru bai fita duka ba. Mu da muka wuni a cikinsa mun daina ji.

Ta ce, "Yara uku na fito da su. Babban, a daji, na raba zanena biyu na naɗe shi. Na biyun, a hanya, zane babu. Buhu aka ba ni." Ta mayar da tabarmar ta danne da tafin hannu. "Wannan ba za ta shiga buhu ba."

Ashe duk ɗakin haka suka yi. Mu mun kai musu riguna, su kuma suka ga an kawo musu abin da suka fi tsoron rasawa, suka ɓoye. Kunya ta kama ni a kan zargin da na shigo da shi. Na tattara waɗanda aka yarda aka ba ni, na koma gida, na zazzage buhun ƙyallayen atamfa. Kowace riga na bi wuyanta da bakin hannunta da ja ko kore ko ruwan ɗorawa, ta waje, yadda ba zai taɓa fata ba. Malama Binta ta zo ta zauna tana yanka mini ƙyallen, babu wadda ta tayar da tsohuwar magana. Da rigunan suka koma da launi a jikinsu, iyaye suka fara sa wa yaransu. Falmata kaɗai ta hana ni tata, tana nan fara a ƙarƙashin tabarma. Na yi mata tayin wata mai jan wuya, amma a lokacin yaran sun fi rigunan yawa, ta ce a ba wa wanda ba shi da komai, ita tana da tata.

Wata safiya na zauna kusa da ita a kan tabarmar. Na ce ta fito da rigar, ba karɓewa zan yi ba. Na juya ƙasan na sa yatsunta a kan ninkin. Na ce, "Kin taɓa ganin an yi wa likkafani wannan? Shi da hannu ake ɗinka shi a zaure, da sauri, ba a kalmasa bakinsa, ba a bar masa rara. Wannan kuwa duba, yatsa huɗu na ninke a ciki."

Ta ce, "Na mene ne?"

"Na baɗi ne. In ta yi tsawo, ki kawo mini in sake mata."

Ta daɗe tana murza wurin. Sannan ta dube ni ta ce, "Kin san za ta kai baɗi?"

Na ce, "Ban sani ba. Allah ne Ya sani. Amma haka nake yanka wa kowane yaro, ban yanka mata daban ba."

Ta tashi, ta janye yagaggen ɗankwalin, ta ɗago yarinyar, ni na riƙe hannun mai allura, muka ɗaura mata igiyoyin. Rigar ta tsaya mata a ƙwauri daidai.

Yagana ta sa rigar nan makonni. Uwar tana wankewa da hantsi, ta shanya a taga, ta tsaya a kanta har ta bushe. Kumburin ya fara saɓewa. Ta fara zama da kanta, tana shan kunu a cokali. Ta kan kama igiyar gefen ta sa a baki tana tsotsa, har sai da na canza mata wata. In na shigo sai ta bi kwallata da ido, don ta san ina sako mata ɗan ƙyalle mai fure ta yi wasa da shi. Rannan Falmata ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ce yarinyar ta fara yi mata rashin ji. Na yi murna ƙwarai. Har na ware wata atamfa a raina da zan yi mata ta Sallah.

Sai ƙyanda ta shiga ɗakin. Yaron da ke da jiki ma ƙyanda tana kayar da shi, balle waɗannan. Ta sauka wa Yagana a ƙirji.

Da safe ina shara aka yi sallama. Falmata ce, ita kaɗai, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Rigar tana hannunta, a wanke, da sauran danshi. Ban tambaye ta ba, na gane. Na yi mata gaisuwa, na ce ta zauna, yanzu zan aika kasuwar Kurmi a yanko sabon yadi, ko bashi ne, a yi wa yarinyar sutura yadda ya kamata.

Ta ce, "A yanko, na gode. Amma wannan za ta sa a ciki." Ta juya ƙasan rigar ta miƙo mini. "Kin ce na baɗi ne. Ba ta kai ba. Amma nata ne, Hajiya. Ki sake mata."

Na ɗauko ɓarin reza da allura, na zauna a bakin ƙofar ɗakin nan. Na yi warwara tun ina yarinya, amma ban taɓa yin wadda ta yi mini nauyin wannan ba. Idona yana cika, ina gogewa da gefen mayafi don kada in huda yadin. Zare ɗaya ɗaya na bi har na zagayo. Na hura gawayi na goge layin ninkin ya kwanta. Wurin da aka sake fari ne tas, sauran rigar ta sha wanki ta yi duhu. Na raka ta asibitin, muka sa wa Yagana. Ta sauko ta rufe mata ƙafafu.

Iya Tasalla ta yi shekaru bayan nan. Duk sanda na shiga gaishe ta sai ta ce, "Larai, yaran da suka sa kayana sun tashi kuwa?" In ce, "Wasu sun tashi, Iya." Gaskiya na faɗa mata, wasu sun tashi, an sallame su da rigunansu a jiki. Ban san inda suke ba, ban san ko wata tela a wani gari ta sake musu ninkin ba. Ban kuma taɓa gaya mata cewa rigar Yagana daga nata yadin na yanka ba. Falmata ta bi wasu danginta, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Na sha tambayar kaina ko na kyauta da na sa matar nan ta ɗora rai a kan baɗi. Na sha tuna maganar Malama Binta, ko akwai yaron da ya kwana a tsumma saboda taurin kaina. Ban sami amsa ba. Abin da na sani, Yagana ta yi makonnin nan cikin riga, uwarta tana wanke mata tana shanyawa kamar kowace uwa.

To ke mai gunaguni, ɗauko rigar jiyan. Yaron da aka kawo awonsa ban san abin da Allah Ya rubuta masa ba, ke ma ba ki sani ba. Jera yatsunki a ƙasan layin allin. Huɗu na ce, ba uku ba.